Abin da gara ta rage mini a akwatin komik

Wata Asabar cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, Hajiya ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗakin nan na kusa da zaure ya fara yoyo. Ka zo ka kwashe tarkacenka, in ba haka ba wallahi mai ƙosai zan kira ta naɗe kayanta da su."

Tarkacen da take nufi akwatin ƙarfe ne, wanda na je makarantar kwana da shi, har yanzu sunana na jikin murfin da farin fenti. Babu komai a cikinsa sai littattafan zane, waɗanda mu a zamaninmu komik muke ce musu. Na tara su ne a ƙarshen shekarun 1980, daga hannun masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi wajen gidan waya da kuma cikin kasuwar Sabon Gari a nan Kano. Kuɗin tarar makaranta nake ƙi ci in sayo. Wasu kuma gado na yi daga wajen Kawu, wanda shi ya fara sa mini wannan ciwo.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, ga furfura ta kama gemu, amma ciwon bai sake ni ba. Duk gidan sun san halina. Lokacin da Black Panther ya fito a Fabrairun 2018, ni na fi yaran zumuɗi, na sa babbar riga na ja babban ɗana zuwa silimar Ado Bayero Mall, ina ta zungurarsa cikin duhu ina nuna masa 'yan kasuwar Wakanda, ƙasar da ke cikin fim ɗin, da shigarsu irin ta Buzaye. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: yaran sun san jaruman nan kaf a fim, amma ba su taɓa riƙe su a takarda ba. A wajensu Spider-Man ɗan fim ne, kamar a majigi aka haife shi. Don haka da Hajiya ta kira, ban jira ta sake faɗa ba.

Da muka kinkimo akwatin ni da ɗan ƙanwata, gindinsa ya kusa zazzagewa saboda tsatsa. Na buɗe shi a tsakar gida. Wani wari ya taso, na rima da tsohuwar takarda, kyankyasai suka watse. Na sama-sama lafiyarsu ƙalau. Amma da na zo ƙasa sai jikina ya yi sanyi, gara ta shigo ta wata 'yar kafa a kusurwa ta yi gini, ta haɗe kusan kashi ɗaya cikin huɗu da jar ƙasa. In ka ɗaga littafi sai bangon ya biyo hannunka, cikin kuwa ya zube kamar garin tuwo. Hajiya na zaune a kan tabarma tana tsinken zogale, ta leƙo ta ce, "To, ita ma garar ta yi karatu."

Kuskuren farko a ranar na so in tafka shi. Na ɗauko tabarma zan shanya su a rana kamar barkono. Allah ya taimake ni hadari ya taso. Daga baya da na zauna na bincika yadda masu adana tsofaffin takardu suke yi, sai na gane rana ce babbar abokiyar gabar irin wannan takarda. Komik na wancan zamani a takardar jarida ake buga shi, mai arha, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace ba a tace ba. Akwai wani sinadari a cikinta da ke sa ta yin ja tana gautsi idan haske da zafi suka dake ta, shi ya sa jaridar da aka manta a bayan gilashin mota take canza launi cikin kwana biyu. Abin da take so shi ne inuwa da iska.

Saboda haka na kai su gida, na roƙi uwargida ta ba ni aron ɗakin baƙi. Ta ce, "Na kwana nawa, Malam?" Na ce mako biyu. Wata huɗu suka yi.

Na fara da rabo. Kashi na farko masu lafiya, waɗanda ƙura kawai ke damunsu. Na biyu masu rauni: bango ya yage, ko tsatsar ƙarfen ɗinki ta ci tsakiya, ko fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo. Na uku waɗanda sai dai a yi musu addu'a. Waɗannan na ƙarshe na ɗauki hoton abin da ya rage na bangonsu da waya, na zuba su a buhu na fitar da su daga gidan tun a daren, don kada in kawo wa uwargida gara cikin kayan ɗakinta in shiga uku. Na karanta cewa masana suna rufe takarda a leda su sa a firiza na kwanaki don kashe ƙwari da ƙwayayensu. Na dubi firizarmu, na dubi yadda wuta take zuwa tana tafiya, na haƙura. Abin da na yi shi ne buɗe kowane littafi shafi-shafi, ina sharewa da burushi mai laushi irin na masu aski, daga tsakiya zuwa baki. Masu fumfuna a waje nake share su, da takunkumi a hanci, bayan sun bushe sarai. In ka goge fumfuna tana da danshi, ka shafe ta ne cikin takardar.

A nan yaran suka fara shigowa, ba don na kira su ba. Na yi niyyar sai na gama gyara tsaf in tara su in gabatar musu da kayan kamar mai buɗe baje koli. Ina! Ƙaramar, wadda nake kira Mamana don sunan Hajiya ta ci, ita ta fara laɓewa a bakin ƙofa. Ta ce, "Abba, in riƙe maka burushin?" Washegari yayyenta biyu suka biyo ta. Na kafa doka ɗaya: a wanke hannu da sabulu, a tsane shi, kuma ba mai shigowa da abin sha.

Kayan Kawu suka fi ba su mamaki. Akwai 'yan kwafi na African Film, mujallar da kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, mai labarin Lance Spearman. Wannan ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka jera aka sa musu magana a baka. Ga shi nan baƙin mutum da malafa da kwat yana tashi sama yana naushin 'yan ta'adda. Babban ɗana ya juya ta gaba da baya ya ce, "Wannan ai fim ne aka daskarar." Akwai kuma Powerman guda biyu, wanda aka fara bugawa don kasuwar Najeriya a 1975, Turawa ne suka zana, cikinsu har da Dave Gibbons da Brian Bolland waɗanda daga baya suka yi suna a duniya. Kowane gidan zane an sa masa lamba, ɗaya, biyu, uku, wai don kada mai karatu ya ɓata hanya. Da ina yaro abin yana ba ni haushi, ina ganin raini ne. Sai ga shi da lambobin nan Mamana ta koyi bin shafi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kafin ta koma kan waɗanda ba su da lamba. Raini ne ko ba raini ba, ya yi mini rana.

Aiki mafi cin rai shi ne na ƙarfen ɗinki. Kowane komik da 'yan ƙarafa biyu aka danne tsakiyarsa, kuma danshi ya sa duk sun yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda ta bar rami mai jan baki. Da bakin ƙaramar wuƙa nake miƙar da ƙafafun ƙarfen a hankali, in zare shi ta baya, in share garin tsatsar. Daga nan sai ɗinki da allura da zaren auduga, huji uku, a shiga ta tsakiya a fita ta sama a dawo ta ƙasa a ɗaure a tsakiya. Uwargida ta tsaya tana kallona ina fama, allura tana sukata. Da abin ya ishe ta ta ce, "Kawo nan, kana ɓata wa allura suna." Abin da nake yi a minti ashirin ta yi shi a uku. Tun daga ranar ɗinki ya koma hannunta, bayan sallar isha'i, tana yi tana mitar cewa ita ba ta san ranar da ta ɗauki aikin ba.

Yagaggun shafuka kuwa, abin da hannu ke fara kai wa shi ne salatif. Kada ka kuskura. Ni shaida ne, don wanda na manna da hannuna ina ɗan aji biyu na sakandare ya bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har bayan shafin, ba abin da zai cire shi. Abin da ya yi mini aiki shi ne ɗan ƙullun sitaci na alkama, a dama da ruwa a dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi shara-shara, a tace, a bari ya huce. Sai a yago siririyar farar takarda mai laushi, a shafa mata ƙullun kaɗan ƙwarai, a ɗora a kan yagewar, a danne. Da ƙamusun Bargery nake dannewa, wanda tun da na saye shi bai taɓa yin aiki kullum-kullum irin na wannan lokaci ba. In ƙullun ya yi ruwa da yawa takardar za ta yi kumburi ta bushe a murɗe. Sai da na lalata shafi huɗu ko biyar kafin hannuna ya faɗa.

Babbar asarar kuma ni na jawo ta da kaina. Akwai bangon wani Superman da nake ji da shi, ya rabu da jikinsa, na ga kamar in an yi masa laminashin zai dawwama. Na kai wani shagon kwamfuta, yaron shagon ma sai da ya ce, "Alhaji, takardar nan fa ta tsufa," na ce ya sa kawai. Ya fito yana ƙyalli kamar katin shaidar aiki, zafin injin ya sa launin ya yi duhu, wani kumfa ya kwanta daidai kan fuskar jarumin. Kuma ba a komawa, ledar ta narke ta kama takardar har abada. Na biya kuɗina na fito ban ce uffan ba. Abin da ya kamata in yi tun farko shi na yi wa sauran: na sa aka yi musu sikanin mai kyau, aka buga kwafi masu launi na waɗanda yara suka fi so, aka ɗinke. Su ne na karatu, a ci tuwo a taɓa ba ruwana. Na asalin kowanne ya shiga ledarsa da ɗan kwali a baya, aka jera su a tsaye cikin kwali a saman kabad, nesa da ƙasa da bango.

Da hunturu ya shigo gyara ya ƙare, aka koma karatu. Kullum bayan an dawo daga Islamiyya an ci abinci, sai mu baje a falo, ina karanta Turancin ina juya shi da Hausa saboda Mamana. A nan na gano fassara ba wasa ba ce. Tun a shafin farko muka yi cirko-cirko kan dangin Peter Parker, wato Spider-Man. Turanci kalma ɗaya gare shi ga kawu da baffa, amma mu sai mun san ta wane ɓangare. Na tsakiyan ya ce Kawu Ben. Babban ya ce a'a, sunansu ɗaya, Parker, don haka ɗan'uwan uba ne. Gaskiyarsa, Ben yayan mahaifin Peter ne, ke nan Baffa. May kuwa matar Baffa ce, ba jininsa ba, amma ita ta raine shi tun iyayensa suka rasu. Muka yi ta ja, aka ce Gwaggo, aka ce Inna. Uwargida daga kicin ta yanke hukunci: matar da ta goya maraya Inna ce. Aka zauna a kan Inna May.

Wata rana Hajiya ta zo mana yini ta tarar ana wannan karatu. Mamana ta yi mata bayani cewa yaro ne gizo-gizo ya cije shi ya sami ƙarfinsa. Hajiya ta ce, "Ashe su ma Turawan suna da Gizo. To ina Ƙoƙi?" Aka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini. Gizonmu na tatsuniya maƙaryaci ne, mai haɗama, kullum dabararsa yadda zai cinye rabon wani. Nasu kuwa, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙira a 1962, yaro ne da ke fama da kuɗin haya da rashin lafiyar tsohuwa, kullum rabonsa ake cinyewa. Da za su haɗu, kafin la'asar namu ya sayar da nasu.

Batun Thor ma ya taso, kuma na san zai taso. Na tsakiyan ya tambaya me ya sa ake kiran wannan jarumi da sunan abin bauta. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce masa wannan daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ne na zamanin da suke bautar gumaka, masu zane suka ɗauko shi da gudumarsa suka sa masa riga, kuma shi da Gizo duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ƙaryar da aka san ƙarya ce. A fassararmu mai guduma muke ce masa. Finafinan kuwa sharaɗin uwargida tun da daɗewa shi ne sai na fara kallo ni kaɗai, kuma rimot yana hannuna. Yawancinsu a can ƙasarsu ma an yi musu alamar cewa 'yan ƙasa da shekara 13 sai da kulawar iyaye, ba kowane fim mai jarumi da riga mai launi ne na yara ba.

Sai muka zo kan littafin da tun farko shi nake ta addu'ar kada gara ta taɓa. Sake-bugu ne na Marvel Tales, jerin da ke maimaita tsofaffin labaran Spider-Man, kuma labarin ciki shi ne fitowa ta 32 ta Amazing Spider-Man. Inna May na kwance asibiti rai a hannun Allah, sanadin jinin da Peter ya taɓa ba ta. Maganin da zai cece ta mutanen Doctor Octopus, mugun labarin, sun sace. Spider-Man ya bi su har maɓoyarsu a ƙarƙashin ruwa, ana cikin faɗa ginin ya rufto, wani narkeken ƙarfe ya danne shi. Ga maganin can gabansa kaɗan, hannu ba ya kaiwa. Ga rufi ya tsage, ruwa na ɗiga yana ƙaruwa. Shafi ya ƙare.

Mamana ta ce, "Sai me ya faru?" Na ce ban sani ba.

Suka zaci wasa nake. Ba wasa ba ne. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba: komik ba a jere yake iso mana ba. Abin da ya faɗo cikin dilar tsofaffin littattafai shi ne rabonka, yau ka sami farkon labari, baɗi ka sami tsakiyar wani daban. Na yi shekara biyu ina zagaya masu baza littattafai ina neman ci gaban nan ban samu ba. Ni da abokina na unguwa mun sha musu a kansa a bakin masallaci. Shi ya ce dole wani jarumi ne zai zo ya cece shi. Ni na ce a'a, ruwan ne zai cika ɗakin ya rage wa ƙarfen nauyi, don lokacin an fara koya mana kimiyya ina ji da kaina. Daga baya girma ya zo, aure ya zo, intanet ma ta zo, kuma ko sau ɗaya ban nema ba. Ina jin na saba da barinsa a ƙarƙashin ƙarfen ne.

Babban ɗana ya riga ya zaro waya. Ya ce, "Abba, minti biyu." Sannan ya tsaya ya sake duban shafin ya ce, "Kai, ai na san wannan. Yana cikin fim ɗin Spider-Man: Homecoming, inda mugun nan Vulture ya rusa masa gini a ka." Ni ma na kalli fim ɗin nan na 2017, har sau biyu, kuma ban taɓa haɗa su ba. Na ce ya ajiye wayar tukuna. Na raba musu takarda da fensir, kowa ya zana yadda yake ganin za a ƙare, zuwa Juma'a. Na tsakiyan ya kawo Hulk ya ɗage ƙarfen da hannu ɗaya. Babban ya zana wata dabara ta zare da ƙugiya wadda sai da ya yi mana bayani sau biyu. Mamana ta zana Inna May ta taso daga gadon asibiti da zaninta da muciya ta zo da kanta.

Daren Juma'a muka sayi fitowa ta 33 ta intanet, mai kwanan watan Fabrairun 1966, muka buɗe a kwamfuta. Babu wanda ya zo. Babu dabara. Ɗagawa kawai ya yi, amma sai da mai zanen, Ditko, ya ci wajen shafi biyar yana nuna ɗagawar. Ya fara da ƙananan gidaje a cushe, yaron a kwance yana cewa ba zai iya ba, yana tuna Baffa Ben da ya rasa, yana tuna Inna May. Yana yunƙurawa gidajen zanen suna raguwa suna ƙara girma, kamar shafin ne kansa yake buɗewa da ƙarfin kafaɗarsa, har aka zo inda hoto ɗaya ya cinye shafi guda, ƙarfen ya tashi, ruwa na zuba a kansa. Mun sake kallon wurin a fim daga baya, kuma Tom Holland, wanda ya fito a Spider-Man, ya yi ƙoƙari, kukan da ya yi na neman taimako yana taɓa zuciya. Amma fim shi ke ja da kai da saurinsa. A takarda kai ne kake riƙe da nauyin, sai ka ga dama ka juya shafi. Na daɗe a kan na ƙarshen har Mamana ta ce, "Abba, ka wuce mana."

Na sa aka buga shafukan, uwargida ta ɗinke su tare da zanen yaran uku a baya, aka sa a leda ɗaya da tsohon. Akwatin ƙarfen kuma mai walda ya sake masa gindi, Hajiya ta karɓe abinta tana zuba tsabar masara.

Washegari na nemo lambar abokin nan nawa, yana Kaduna yanzu, ya yi jikoki biyu. Bayan mun gaisa na ce, "Ka tuna Spider-Man da ƙarfe ya danne?" Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Wanda ruwa ke zuba?" Na ce shi. Na ce babu wanda ya zo ceton sa, da kansa ya ɗaga. Ya ce, "To ai abin da na faɗa maka ke nan tun lokacin."